Yadda ake kiwon kifin kardinal a tankin ruwan gishiri

Kifin kardinal ɗan ƙarami ne, da ƙyar yake wuce santimita 8, ga manyan idanu saboda yawancin irinsa ƴan dare ne. Iri biyu aka fi kiwo, akwai na Banggai mai ratsin baƙi da ɗigo-ɗigon fari wanda asalinsa tsibiran Banggai ne a Indunusiya, sai wanda ake kira fajama, mai jan ido da kai ruwan ɗorawa. Ba su da rigima da yawa, amma fa sai ka gyara musu ruwa tukuna.

Fara da tanki, kar ya gaza lita 115. Gishirin girki ba ya yi ko kaɗan, akwai na musamman da ake haɗawa don tankin kifin teku, shi za ka narka a ruwan da injin RO (mai cire gishiri da sinadarai daga ruwa) ya tace, ka auna da rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, ya tsaya tsakanin 1.023 da 1.025. Zafin ruwa digiri 24 zuwa 27 na Salshiyos, pH (ma'aunin tsamin ruwa) kuma 8.1 zuwa 8.4. Ka jera duwatsun teku yadda za su ba da ƴan koguna da inuwa, nan suke laɓewa da rana, kuma kar famfo ya riƙa tunkuɗa ruwa da ƙarfi don su ba gwanayen gudu ba ne, tsayawa suke cak a tsakiyar ruwa kamar an rataye su.

Daga nan sai haƙuri, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ka bar tankin yana aiki babu kifi sati 4 zuwa 6, har ƙwayoyin bakteriya masu cinye dattin kifi su kafu, kana gwada ruwan, sai amoniya da naitirait, gubar da dattin ke haifarwa, sun koma sifili sannan ka sa kifi. In ka yi gaggawa ruwan zai yi garau a ido amma guba ce.

Wajen saye don Allah ka tambaya, a tanki aka ƙyanƙyashe shi ko daga teku aka kamo? Wannan yana damuna sosai, tun 2007 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa na Banggai cikin masu fuskantar ƙarewa saboda yawan kamu, kuma na tanki ma ya fi ƙwari ya fi saurin karɓar abinci. In ka kawo shi ka ware shi a ƙaramin tanki kamar sati 3 ka ga lafiyarsa.

Na Banggai ɗaya ko mata da miji kawai, in maza biyu suka girma tare sai ɗaya ya takura ɗaya a lungu ya hana shi ci. Fajama kam biyar ma suna zama lafiya.

Abinci ƴan jatan lande ne na firiza irin su maisis, ka narkar, kaɗan-kaɗan sau biyu a rana, ɗaya ya zama da yamma in fitila ta rage. Duk sati ka canza kashi 10 cikin 100 na ruwan. Wanda ya ragu saboda tururi kuwa da ruwa mara gishiri ake cikewa, gishirin yana nan bai tashi ba.

Wata rana za ka ga namijin ya daina ci, haɓarsa ta kumbura, kar hankalinka ya tashi, ƙwai ne a bakinsa. Na Banggai yana riƙe su kusan kwana 20 su ƙyanƙyashe, ya ƙara kamar kwana 10 da ƴaƴan a ciki, duk bai sa komai a cikinsa ba, in ka matso da kyau har ƙananan idanu za ka hango suna leƙowa. A teku cikin ƙayoyin bushiyar teku ƴaƴan suke ɓuya, to kafin uban ya sake su sai ka kafa tsinkayen roba a dunƙulen siminti na tanki ya yi kama da bushiyar ka ajiye musu, in sun fito ka kwashe su zuwa wani tanki don manya na cinye su, ka fara ba su ƴan jatan landen artemiya sabbin ƙyanƙyasa sau uku a rana.