Yadda za ka haɗa kiɗan breakcore mai duhu a kwamfutarka

Breakcore wani nau'in kiɗan lantarki ne mai tsananin sauri da ake haɗawa da yayyankakken kiɗan ganga. Da farko dai ka sa gudun kiɗan ya kai bugu 180 zuwa 220 a minti ɗaya, ƙasa da haka ba zai yi zafin da ake nema ba. Sai ka nemo Amen break, ɗan gajeren kiɗan gangan nan da aka ciro daga waƙar The Winstons ta 1969, ka yayyanka shi gutsi-gutsi a Renoise ko duk manhajar da hannunka ya saba da ita, wasu ka juya su baya, wasu ka maimaita su da sauri sosai har su koma kamar ƙarar inji, wallahi nan ne ainihin aikin yake kuma ba a yinsa da gaggawa.

Kik ɗin kuwa, wato bugun babbar ganga, irin na gabber ake so (kiɗan lantarki mai kaushi na birnin Rotterdam a ƙasar Holland), na injin kiɗan ganga TR-909, ka matsa masa har sautin ya fashe ya yi kaushi. Amma fa ka rage bes, wato sauti mai kauri, na sauran sautukan, in ba haka ba komai zai cakuɗe.

Duhun daga industrial yake zuwa, wato salon kiɗa mai amfani da ƙarar ƙarfe da ta injina. Ɗauki wayarka ka naɗi ƙarar ƙarfe da ta ƙofa da ta inji, ka sassauta gudunsu ka sa musu amsa-kuwwa. Ka riƙa barin ɗan shiru kafin kiɗan ya sake faɗowa, kuma don Allah ka rage ƙarar hedifon lokacin da kake aikin.