Idan aka ci zarafin ɗanki a unguwa

Mijina ɗan asalin Koriya ne, a Amurka muke zaune, kuma 'yarmu idanunsa ta ɗauko. Ran da ɗan maƙwabta ya ja gefen idanunsa da yatsu yana ƙyalƙyala dariya, ita ma dariyar ta yi, ba ta gane ba. Ni kuwa jikina ya yi sanyi.

Tun 2020, da korona ta sa ake yi wa 'yan Asiya kallon masu yaɗa cuta, ga yadda nake yi.

Fara da ɗanki, ki ƙyale mai zagin. Riƙe hannunsa, ki ce a fili, "Wannan ba daidai ba ne, zo mu tafi." Fuskarki yaro yake dubawa, in kika yi murmushin yaƙe, zai ɗauka haka ake yi. In babba ne yake ɗaga murya, ban da cacar baki, ku matsa inda jama'a suke. In ya kai ga barazana, kira 911, lambar gaggawa ta Amurka.

In yaro ne, bari zuciya ta huce, washegari ki sami iyayensa. Za su ce wasa ne, kusan kullum haka suke cewa. Ki ce, "Na ji, amma kada a sake."

Rubuta rana, wuri da ainihin kalmomin. Ƙungiyar Stop AAPI Hate, mai yaƙi da ƙyamar 'yan Asiya a Amurka, da aka kafa a Maris 2020, tana karɓar rahoto ta intanet.

Da dare nakan tambayi 'yata me ta ji, sai in yi shiru. Wani lokacin sai bayan kwana uku take amsawa, muna cikin mota.