Yadda Ake Kwalliyar Ido Mai Hayaƙi Ba Tare da Ta Caɓe Ba

A kwalliyar ido mai hayaƙi, wadda masu kwalliya ke kira simoki, baƙi yana taruwa ne a gindin gashin ido, sannan ya riƙa dusashewa yayin da ake hawa sama, har ya ɓace cikin launin fata kafin a kai gira. Muddin za a iya nuna inda baƙin ya tsaya da yatsa, to da sauran aiki.

Ki tanadi fensirin gazal baƙi mai laushi, konsila ko firaima (man da ake fara shafawa don launi ya kama fata), hoda, maskara, auduga mai tsinke, da burushi biyu: ƙarami mai tauri na ɗora launi, da mai laushi mai baje-bajen gashi na gaurayawa. Shado kuma, wato hodar launi ta fatar ido, kala uku ake so, marasa ƙyalli: ruwan ƙasa mai ɗan ja, ruwan makuba mai duhu, sai baƙi. Mai duhun fata ta kula da na farkon sosai. Ruwan toka yakan fito kamar an barbaɗa gari a fatarmu, shi kuwa mai ɗan ja ko ruwan goro yana zama daidai.

Da ido ake farawa, kafin a taɓa sauran fuska, saboda garin baƙin shado yana zubowa a kumatu. Idan kin riga kin shafa fandeshon, goge shi zai ɓata miki aikin duka. In lokacin salla ya kusa, ki yi alwala tukuna. Goge maiƙon fatar ido, ki shafa konsila ɗan kaɗan, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba a kowane ido, ki bi da hoda sama-sama. Wadda ta tsallake wannan a zafin bazara za ta ga launin ya taru a lanƙwasar ido tun kafin a gama kamu.

Ɗauki burushi mai laushi ki fara da ruwan ƙasan. Ki kalli madubi kai tsaye, idonki a buɗe, ki shafa a lanƙwasar fatar ido da ɗan samanta, kina kai da komo a hankali. Buɗe idon yana da muhimmanci musamman ga wadda fatar sama ke rufe mata lanƙwasa: in ta shafa ido a rufe, da ta buɗe sai launin ya shige ciki, ba a ganin komai. Ki bar fili kamar faɗin ƙaramin yatsa a ƙasan gira.

Yanzu sai gazal. Ja layi mai kauri a gindin gashin ido na sama, ki cike tsakanin gashin, kada fata ta leƙo. Ba sai layin ya miƙe ba, domin nan take za ki murza shi sama da ƙaramin burushi tun bai bushe ba. Ki gama ido ɗaya kafin ki koma ɗayan, don wasu fensiran cikin daƙiƙa 30 sun kama, kuma in sun kama ba sa bajewa.

A kan gazal ɗin ne za ki ɗora ruwan makuba, daga gashin ido zuwa lanƙwasa. Dannawa ake yi, ba sharewa ba, kuma duk lokacin da kika ɗebo launi ki kaɗe burushin. Baƙin shado shi ne na ƙarshe, kuma wurinsa ƙanƙane ne: gindin gashin ido da kusurwar waje, kamar sulusin fatar idon. A nan mafi yawan masu koyo ke yin ɓarna. Sukan cika burushi da baƙi su shafe fatar idon gaba ɗaya, sai idon ya ƙanƙance ya zurma. Ƙara baƙi abu ne mai sauƙi, rage shi ne wahala, don haka ki sa kaɗan, ki gauraya, ki ja baya ki duba, sannan ki ƙara.

Wajen gaurayawa, goge burushi mai laushi a tsumma har ya daina fitar da launi, ki riƙe shi daga can ƙarshen mariƙinsa don hannunki ya yi sauƙi, ki riƙa ƙananan zagaye a bakin iyakar launuka kawai. In kika bi ko'ina da shi, kala ukun za su haɗe su zama dauɗa ɗaya. Ki kuma lura da gefen waje: kada launi ya sauko ƙasa da layin da ya tashi daga kusurwar ido zuwa wutsiyar gira, in ba haka ba idon zai yi kamar na mai gajiya. Abin da ya ƙetare, auduga mai tsinke da ɗigon konsila za su gyara shi.

A ƙasan ido, ruwan makuba siriri ya isa, daga waje zuwa tsakiya. Sa maskara sau biyu, ki goge abin da ya zubo a kumatu, sannan ki yi fuska. Janbaki mai sanyin launi ya fi dacewa, tunda idon ya riga ya ɗauki hankali.

Game da kwalli ko tozali na dutse, akwai abin lura. Da yawansa na ɗauke da dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri a Boston da gubar dalma ta shiga jininsa ta hanyar kwallin da aka kai daga Najeriya, wanda aka auna aka samu kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Ki zaɓi gazal mai rubutun abin da aka haɗa shi da shi, kada ki yi aron na wata, ki kuma sauya maskara duk wata 3.

Da dare, jiƙa auduga da man zaitun ko man kwakwa, ki ɗora a ido a rufe na daƙiƙa 20, ki share ƙasa a hankali ba tare da dirzawa ba, sannan ki wanke da ruwan ɗumi.