Kafin ka kwashi iyali zuwa wata jiha a Amurka

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu a New York suke fara sauka, galibi a Bronx ko Harlem, wajen wani da ya riga su zuwa. Muddin mutum shi kaɗai ne, zai iya haƙuri da ɗaki ɗaya su uku. Ranar da iyali suka iso kuwa, lissafi ya canza. Daga nan sai ka fara jin sunayen garuruwa a bakin masallaci bayan sallar Isha'i: wane ya koma Houston a jihar Texas ya samu gida mai ɗaki uku, wane yana Columbus a jihar Ohio har ya sayi nasa, mutanen Nijar kuma su ce ai Greensboro ta North Carolina ta fi kwanciyar hankali. Ba ƙarya suke yi ba. Sai dai kowa labarin nasa zaman yake ba ka, da irin aikinsa da yawan 'ya'yansa da takardunsa, kai kuma naka daban.

Abu na farko da nake so sabon zuwa ya riƙe shi ne, a ƙasar nan adireshin gidanka shi ke zaɓa wa ɗanka makaranta. Makarantun gwamnati an raba su gunduma-gunduma, kuma a yawancin wurare yaro yana zuwa makarantar da aka ware wa layinsu ne. Babban kaso na kuɗin tafiyar da su daga harajin gidajen yankin yake fitowa, shi ya sa za ka ga makarantu biyu da tsakaninsu bai fi tafiyar minti goma ba, ɗaya da ɗakin karatu da malamai isassu, ɗaya kuma malamai na ta sauyawa duk shekara. Iyakar gundumar ma ba lallai ta bi sunan garin ba. A Houston kaɗai akwai gundumomin makarantu da dama, irin su Alief da Katy da Fort Bend, ban da ta cikin gari. Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar haya, shiga shafin gundumar a intanet, rubuta adireshin gidan, ka ga sunan makarantar da idonka. Kada ka tsaya ga maganar mai ba da haya cewa makarantar unguwar mai kyau ce.

Idan ka san makarantar, kira su ko ka je. Tambayi yadda suke yi da yaron da bai iya Turanci ba tukuna, musamman idan daga Maradi ko Damagaram ya zo da Faransanci a bakinsa. Tambayi abincin rana, ko akwai abin da yaro Musulmi zai ci hankali kwance. Tambayi ranar Sallah. Makarantun birnin New York suna rufewa don bukukuwan Sallah tun shekarar karatu ta 2015, amma a gundumomi da yawa sai ka rubuta takardar uzuri. Kuma ka sani, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982, babu makarantar gwamnati da ke da ikon hana yaro karatu saboda matsayin takardun iyayensa. Abin da za su nema shi ne shaidar adireshi da shaidar shekarun yaro da katin rigakafi, don haka katin nan kada ya shiga cikin kayan da aka ɗaure a kwali.

Yanzu ga maganar da maza ba su cika sakawa a lissafi ba, kuma ita ta fi damuna. A Bronx uwargida tana tura keken jariri ta sauka kantin 'yan Afirka ta sayo kuka da daddawa da manja, ta biya ta gaida maƙwabciya 'yar Kumasi ko 'yar Kano, ta hau bas ta kai yaro asibiti ba tare da ta jira kowa ba. Ka ɗauke ta ka kai ta bayan garin Houston ko Greensboro, inda komai sai da mota, wani layin ma babu hanyar masu tafiya a ƙasa. Kai ka fita da motar tun asuba, sai dare. Ita tana cikin gida mai faɗi da kafet mai laushi, daga taga sai taga, babu mai sallama, babu wanda za ta ce wa riƙe min yaron nan in watsa ruwa. Wannan kaɗaici yana cin mutum a hankali, yana shiga aure, yana shiga tarbiyyar yara. Ga shi a nan ba a barin ƙananan yara su kaɗai a gida ko a hannun yayarsu 'yar shekara takwas kamar yadda aka saba a gida. Maƙwabci na iya kiran hukumar kare yara, kuma fita daga wannan magana ba sauƙi. Don Allah, ɗan'uwa, ku zauna da ita ku zaɓi garin tare. Idan garin mota ne, to koyon tuƙinta da mota ta biyu da inshorarta suna cikin kuɗin ƙaura tun farko.

Shi ya sa nake ganin kusanci da jama'a ya fi ƙarin ɗaki ɗaya. Ba kowane masallaci ne zai zame maka dangi ba. Duba ko akwai Islamiyyar Asabar da Lahadi, ko akwai mata masu haɗuwa, ko akwai wanda ke yanka ragon suna da na layya a gona kusa. Tambayi inda ake binne Musulmi da wanda ke tsayawa a kan wanka da sutura. Magana ce mai nauyi, amma wanda ya taɓa ganin an yi rasuwa a garin da babu kowa ya san dalilin da ya sa na kawo ta. Ƙungiyar Zumunta ta 'yan arewacin Nijeriya da ƙungiyoyin 'yan zango na Gana da na 'yan Nijar suna da mutane a jihohi daban-daban, kuma kiran waya ɗaya kan haɗa ka da wanda zai faɗa maka gaskiyar unguwa.

Batun kuɗi kuwa, araha ba ta ado. Gaskiya ne Texas da Florida da Tennessee ba sa cire harajin jiha a albashi, amma a Texas harajin gida yana da nauyi, kuma mai gida a cikin haya yake ɗora maka shi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, kuma a kansa Texas da North Carolina suka tsaya, alhali a birnin New York ya haura dala 16. Lasisin tasi na New York ba ya aiki a wata jiha. Mai aikin kula da tsofaffi da mai kitso su ma su bincika ƙa'idar sabuwar jihar, domin kowace da dokarta. Inshorar lafiya ta Medicaid, wadda gwamnati ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi, ba ta bin ka zuwa wata jiha. Sai ka rufe ta can ka nemi sabuwa a nan, kuma sharuɗɗan sun bambanta ƙwarai. North Carolina ta faɗaɗa tata ga manya masu ƙaramin ƙarfi a ƙarshen 2023, Texas ba ta yi ba. Idan uwargida na da juna biyu ko akwai yaro mai sikila ko asma, wannan tambayar ita ce gaba da komai, tare da nisan asibitin yara.

Yanayi ma kuɗi ne. A Ohio da Minnesota ɗumama gida a hunturu yana cin aljihu, a Texas na'urar sanyaya ɗaki ke ci. Houston ta sha mummunar ambaliya a guguwar Harvey ta 2017, don haka duba taswirar ambaliya ta hukumar agajin gaggawa ta FEMA kafin ka kama gidan da ke hawa na ƙasa. Idan an gina gidan kafin 1978, doka ta wajabta wa mai shi ya sanar da kai abin da ya sani game da fenti mai dalma, wanda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara masu rarrafe. Kuma dokar gidaje ta tarayya ta haramta a hana ka haya don kana da 'ya'ya, ko don addininka ko ƙasar da ka fito.

Gani ya kori ji. Idan da hali, je ka kwana biyu ko uku kafin ka yanke shawara, ka haɗa da Juma'a. Tsaya a harabar gidajen wajen ƙarfe uku na rana lokacin da motar makaranta mai ruwan ɗorawa ke sauke yara, ka ga ko iyaye na fitowa tarbarsu, ko yara na wasa a waje. Koma wurin da ƙarfe goma na dare ka saurara, ka duba fitilu da ƙofar shiga ko tana kulluwa. Tare wata uwa mai yara ka tambaye ta nawa take biyan wuta a watan Janairu da Agusta, da kwana nawa ake yi kafin a zo gyara idan famfo ya lalace. Sannan ka tuƙa daga nan zuwa wurin aikin da ka samu da safe, a lokacin cunkoso. Na ce aikin da ka samu, domin kwasar yara a kan alkawarin baki cewa in ka zo ba za a rasa ba, ganganci ne.

Bayan ka tare, wanda ba ɗan ƙasa ba yana da kwana 10 ya sanar da hukumar shige da fice ta USCIS sabon adireshinsa, ta intanet ko da fom AR-11. Wanda ke da shari'a a gaban kotun shige da fice kuma dole ya sanar da kotun daban, cikin kwana 5, domin idan takardar kira ta tafi tsohon gida bai halarta ba, ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. Sauya lasisin tuƙi zuwa na sabuwar jiha ma yana da wa'adi: kwana 30 a Ohio, 60 a North Carolina, 90 a Texas. Lokacin ƙaura mafi sauƙi ga yara shi ne dogon hutu, amma ka lura makarantun Texas da yawancin jihohin kudu a watan Agusta suke komawa, ba Satumba irin na New York ba, saboda haka ka isa a Yuli ka yi musu rajista da wuri.