Yadda Ake Gano Manhajar da Ke Hana Linux Mutuwa da Wuri

Ka ba kwamfuta umarnin ta mutu, allo ya yi baƙi, sai ga layi da jan tauraro yana kai da kawowa: "A stop job is running", ana ƙirga minti 1 da daƙiƙa 30. Abin da na ga 'yan koyo suna yi kullum shi ne su garzaya /etc/systemd/system.conf su mayar da DefaultTimeoutStopSec daƙiƙa 5, su ce sun gyara. Wallahi ba su gyara komai ba. Sun dai rage wa kowace manhaja lokacin tattara kayanta, ranar da rumbun bayanai ke tsakiyar rubutu sai a datse shi.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan za a kashe na'ura, systemd, wato shirin da ke kunnawa da tsayar da manhajoji a Linux, kan aika wa kowace manhaja siginar SIGTERM, mai lamba 15. Wannan roƙo ne: rufe fayilolinki ki fita. Sai ya jira, daƙiƙa 90 a yawancin tsare-tsare. Wadda ta ƙi fita a aika mata SIGKILL, lamba 9, wadda ba a iya ƙin ta, ba kuma ta bari a ajiye komai. Jiran da kake gani na nufin akwai wadda aka roƙa ta yi kunnen uwar shegu. Aikinka ka gano wace ce, da dalilinta.

Da farko, bayan ka sake kunna kwamfutar, rubuta journalctl -b -1 -e. Wannan zai kai ka ƙarshen bayanan zaman da ya gabata. Idan ya ce babu komai, to bayanan a ƙwaƙwalwar wucin gadi ake ajiye su, suna gogewa da mutuwar na'ura. Ƙirƙiri /var/log/journal, ko ka sa Storage=persistent a /etc/systemd/journald.conf, ka sake kunna kwamfutar domin canjin ya fara aiki, sannan ka sake kashewa, ka dawo. Nemi layin da ke da "timed out" da "Killing process". Sunan mai laifin yana nan.

Daga nan kada ka sake kashe kwamfuta don gwaji, ɓata lokaci ne. Rubuta time systemctl stop da sunan sabis ɗin, wato manhajar da ka gano. Idan ya maƙale, buɗe wata tagar ka duba shi da ps -o pid,stat,cmd -p da lambarsa ta PID, wato lambar da Linux ke ba kowane shiri mai gudana.

Harafin da ke ƙarƙashin STAT shi ne komai, kuma nan na sha wuya. Idan S ne, manhajar lafiyarta lau, ta ji siginar ta yi biris, ko tana jiran wata daban. Idan D ne, maganar ta canza: tana jiran faifai ko hanyar sadarwa a cikin kernel, wato zuciyar Linux, kuma sau da yawa ko SIGKILL ba ta cire ta nan take. Na taɓa yin kwanaki ina canza KillSignal, wato siginar tsayarwa da systemd ke aikawa, a kan wani ɗan shirin ajiyar fayiloli da na rubuta, ashe a rumbun NFS yake rubutu, wato rumbun da ke wata kwamfuta ana isa gare shi ta sadarwa, an kashe sadarwa kafin shi, ya zauna yana jiran amsar da ba za ta zo ba.

Maganin wannan yana wajen jeri. A lokacin kashewa systemd yana bin jerin kunnawa ne a juye: wanda aka rubuta masa After= wani abu, shi ake fara tsayarwa kafin abin. Don haka systemctl edit da sunan sabis ɗin, ka sa RequiresMountsFor= da inda aka ɗaura rumbun a ƙarƙashin [Unit]. Yanzu shirin zai fita kafin a cire rumbun. Ni ban yarda a rubuta sabis mai taɓa rumbun nesa ba tare da wannan layi ba.

Mai harafin S kuwa da sauƙi. Duba bayanin manhajar ka ga siginar da take saurare, ka sa ta a KillSignal=, ko ka ba ta ExecStop= nata. Idan kai ka rubuta shirin da bash, sa masa trap, wato umarnin da ke kama sigina, a kan TERM. Wadda da gaske take buƙatar lokaci, ƙara mata TimeoutStopSec ita kaɗai, ka bar na kowa yadda yake. Sake gwada time systemctl stop, idan ya dawo cikin daƙiƙa biyu ko uku, sannan ka kashe na'urar gaba ɗaya ka duba journalctl -b -1.