Darasi na 9: Mai jego da ƙarancin jini

Kashi na ɗaya: duba ido

Ki fita tsakar gida inda akwai haske, ki riƙe madubi. Ki sa yatsa ki ja fatar ƙasan idonki. Idan cikin ja ne, alhamdu lillahi. Idan ya yi fari fat, ga jiri, ga haki daga bakin rijiya zuwa ɗaki, to jini ya yi ƙasa, sai asibiti. Ba nono ne ya shanye shi ba, kada kowa ya sa ki yaye jariri. Jinin da ya zuba wajen haihuwa ne, da zazzaɓin cizon sauro, da haihuwa kusa-kusa.

Kashi na biyu: ƙwayar ƙarin jini

A asibiti za a ba ki ƙwayar da ma'aikata ke ce wa "fer". Ɗaya kullum, ko yadda aka rubuta miki. Ki haɗiye ta da ruwa, ba da shayi ba.

A nan ake tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke cikin ƙwayar. Na san mu mutanen Garwa ba ma karyawa sai da shayi, ni ma haka nake. Ki sha abinki, amma ki bari awa 2 ta wuce tsakaninsa da ƙwaya. In da lemon zaƙi a gida ki haɗa da ƙwayar, yana taimakawa.

Mu karanta tare: ƙwaya da ruwa, shayi daga baya. A sake. Madalla, kun iya.

Cike gurbi: Ana shan ƙwaya da ______, ba a sha da ______.

Bara sau uku na maimaita wannan a aji, washegari wata ta ce ai shayin nata da madara ne. Haba baiwar Allah! Da madara, babu madara, shayi shayi ne. Kuma masu jefar da ƙwaya don bayan gida ya yi baƙi, ku daina, haka aikinta yake. Ki ci gaba da sha har wata 3 bayan haihuwa, ko kin ji ƙarfi. Da ruwa.

Kashi na uku: abinci

Hanta, nama, kifin Lagdo, wake, zogale. Kunun kanwa ba ya ƙara jini. Maigida, wannan cefanen naka ne.

Kashi na huɗu

Nono zalla wata 6, ko ruwa ban da. Ku kwana cikin gidan sauro.