Idan jami'arka ba ta cikin waɗanda kamfanonin kuɗi ke zuwa ɗauka

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ganin ɗalibi mai kaifin ƙwaƙwalwa ya karaya tun bai aika takarda ba, don ya ji an ce bankunan zuba jari ba sa kallon kowa sai 'yan Harvard, MIT, Wharton, Oxford, Cambridge ko LSE (makarantar tattalin arziki ta Landan). Ba zan ɓoye maka ba, akwai gaskiya a ciki. Bankuna irin su Goldman Sachs da Morgan Stanley suna da jami'o'in da suke tura ma'aikatansu duk shekara, su gana da ɗalibai, su karɓi takardunsu. Amma sunan jami'a ya fi ƙarfi ne wurin tace takardu, lokacin da dubban masu nema suka taru kuma dole a rage su. Don haka ka nemi ƙofar da jarrabawa ce ke buɗe ta.

Kamfanonin da ke cinikin hannun jari da kuɗinsu na kansu, irin su Optiver, IMC, Jane Street da SIG, sun fi dogara da gwaji. An san Optiver da jarrabawar lissafin ka: tambayoyi 80 cikin minti 8, babu kalkuleta. Wannan ba baiwa ba ce, atisaye ne. Shiga Zetamac, shafin atisayen lissafin ka, kullum, zagaye ɗaya minti biyu ne kacal, ka riƙa rubuta makinka har ka ga yana hawa.

Sannan lissafin yiwuwar abu, nan nake so ka fi daɗewa. A ganawar neman aiki za su iya ce maka: ka jefa ɗan ludo mai fuska shida, a biya ka daidai lambar da ta fito, nawa wasan ya kai? Amsa 3.5. Idan an ba ka damar sake jefawa sau ɗaya fa? Ka riƙe 4, 5 ko 6, ka sake jefawa idan 1, 2 ko 3 ta fito, sai darajar wasan ta koma 4.25. Ba amsar kaɗai suke saurare ba. Suna son su ji yadda kake tunani a fili, da yadda kake gyara kanka idan ka kauce. Ka sami aboki ku riƙa yi wa juna tambaya da baki, ba a takarda ba.

Ka tanadi shaidar da za ta yi magana a madadin sunan jami'arka: matsayinka a Codeforces (shafin gasar rubuta manhajar kwamfuta), gasar ICPC (irin wannan gasa tsakanin jami'o'i), ko gasar ciniki ta Prosperity ta IMC da ake shiga ta intanet. Jane Street na sa wasan wasa ƙwaƙwalwa a shafinsu duk wata, suna kuma wallafa sunayen waɗanda suka warware.

Ɓangaren banki ya fi son sanayya, kuma a nan latti ne ke kayar da yawancin 'yan ƙananan jami'o'i. A Amurka, manyan bankuna kan fara ɗaukar ɗalibai masu horon aiki na hutun bazara fiye da shekara guda kafin lokacin. A Landan akwai makon gwaji na bazara ga 'yan ajin farko, wanda daga shi ake hawa zuwa horo, daga horo zuwa aiki. Tun 2016 Goldman Sachs ya mayar da ganawar farko ta ɗalibai zuwa bidiyon da ake naɗa, don ya kai ga jami'o'in da ba ya zuwa. Ka rubuta ranakun buɗe neman a kalanda, ka aika a makon farko.

Digiri na biyu a jami'a mai suna yana taimakawa, amma da tsada, ni sai na gwada sauran hanyoyin tukuna. Kafin nan, duba LinkedIn ka nemo mutum ɗaya da ya fito daga jami'arku yana aiki a kamfanin da kake nema. Rubuta masa layi uku, kada ka roƙi aiki, ka roƙi minti 15 ya gaya maka yadda shi ya shiga.